Me ya sa tallan fina-finan soyayya masu barkwanci ke kama da juna?

Wani ɗan'uwa da ke koyon tace hoto ya aiko da tambaya. An ba shi aikin haɗa tallan wani fim na soyayya mai barkwanci, sai ya zauna ya kalli tallan irin waɗannan fina-finai kusan ashirin, na Amurka da na Ingila, ya ga duk kamar an tsaga kara. Mutum biyu su haɗu, su yi ta faɗa, su fara shiri, su ɓata, sai wani ya kwasa da gudu a filin jirgin sama. Yana son sanin ko lalaci ne ke sa masu sana'ar maimaita abu ɗaya, da dalilin da ya sa suke tona kusan dukan labarin, da kuma dabarun da ya kamata ya ɗauka.

Ɗan'uwa, akwai malalata a cikinmu kamar kowace sana'a, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka fara da wannan: duk wanda ya sayi tikitin fim irin wannan ya riga ya san ƙarshensa. Ya san za su daidaita. Idan fim na binciken kisa ne, hajarka ita ce sirri, kuma mai talla yana gadin sirrin nan kamar ransa. A nan kuwa babu sirrin da za a yi gadi. Abin da kake sayarwa shi ne fuskoki biyu da kuma abin da ya shiga tsakaninsu. Mai kallo tambaya ɗaya yake yi wa kansa, ko ya sani ko bai sani ba: zan iya zama awa ɗaya da rabi tare da waɗannan mutanen ina jiran su gane abin da ni na gane tun minti na farko? Idan tallanka ya sa ya ce e, ka gama aiki, ko da ka nuna masa kashi uku cikin huɗu na labarin. Idan bai ce e ba, ko ka ɓoye komai ba zai zo ba.

Kamannin da ka gani kuma yana da alaƙa da ƙarancin lokaci. A Amurka, ƙa'idar ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta daɗe tana kayyade tallan sinima a kan minti biyu da rabi, kuma a 2014 ƙungiyar masu gidajen sinima ta nemi a rage shi ya koma minti biyu. Minti biyu da rabi daƙiƙa 150 ke nan, kuma a lissafin firam 24 (wato hotuna ɗaiɗai da ke jeruwa su ba da motsi) cikin daƙiƙa ɗaya, firam 3,600 ne kacal a hannunka. A cikin wannan ɗan wuri za ka gabatar da mutum biyu, ka sa a so su, ka ba da dariya sau huɗu ko biyar, ka taɓa zuciya sau ɗaya, ka faɗi sunan fim da ranar fitowarsa. Ba ka da lokacin koya wa mai kallo sabon yare. Dole ka yi masa magana da alamomin da ya riga ya haddace. (Sunan tirela ma da muke kiran tallan da shi, ba ruwansa da babbar mota sai ta wajen ma'ana: abin da ke biyo baya. A farkon zamani bayan an gama fim ake haska shi, sai aka lura mutane na tashi su fice, aka dawo da shi gaba, sunan kuma ya zauna. Galibi ana danganta na farko da wani mai talla, Nils Granlund, a 1913, kuma wasan dandamali ya tallata da shi, ba fim ba.)

Bari in ƙirƙiro fim don mu sami abin riƙewa. Shi mai gabatar da shirin rediyo ne da ke ba masoya shawara da dare, bakinsa ba ya mutuwa, amma shi kansa bai taɓa riƙe soyayya ta wuce wata uku ba. Ita likitar haƙori ce, mai tsari, mai ƙarancin magana, ta tsani shirinsa domin shawararsa ce ta raba ta da wanda za ta aura. Bai san da haka ba.

Daƙiƙa ashirin na farko na mutum ɗaya ne, ba biyu ba. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su zubo jarumi da jaruma tare tun daga farko. Zaɓi ɗaya, ka nuna mana giɓin da ke rayuwarsa. Muna jin muryarsa a rediyo yana cewa soyayya abu ce mai sauƙi, hoto kuma yana nuna shi yana cin abincin dare shi kaɗai a tsaye gaban firiji. Murya na faɗin wani abu, hoto na ƙaryata ta, kuma dariyar farko ta fito daga wannan saɓanin ba tare da kowa ya faɗi abin dariya ba. Yanzu ma akan ɗora wasu daƙiƙa biyar masu zafi kafin wannan, saboda a YouTube bayan daƙiƙa biyar mai kallo ke samun damar tsallake talla. Ni ban cika son su ba, amma ba ni ke biyan kuɗin tallan ba.

Sai kiciɓis, wato haɗuwar farko ta mutanen biyu. Wannan ne ginshiƙin nau'in gaba ɗaya, kuma ya cancanci ka ba shi wuri fiye da komai. Misalin da malaman fim suka fi kawowa na cikin wani fim ne na Ernst Lubitsch na 1938, Bluebeard's Eighth Wife, inda Gary Cooper ya shiga kanti ya dage sai an sayar masa da rigar barci ba wando, masu kanti suka ƙi, sai Claudette Colbert ta ce ita za ta sayi wandon. Ka lura da abin da ya sa wannan ya yi kyau: a haɗuwa ɗaya an nuna taurin kansa, an nuna wayonta, an kuma nuna cewa kowannensu rabin abu ɗaya yake riƙe da shi. Kiciɓis mai kyau ke nan. Wanda ba shi da kyau shi ne su yi karo a lungu takardu su zube, domin wannan zai iya faruwa da kowa, bai gaya mana komai game da su ba. A namu fim ɗin, mutumin da bakinsa ne sana'arsa yana kwance kan kujerar likita, baki a wangale cike da auduga, ita kuma ta gane muryarsa tun daga gaisuwa, ga allura a hannunta. Karon farko a rayuwarsa dole ya yi shiru ya saurara. Idan fim ɗin da aka ba ka yana da fitowa irin wannan, kada ka daddatsa ta. Bar ta ta yi daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin, wanda a talla tsawon zamani ne.

Bayan kiciɓis sai shinge. Babu fim ɗin soyayya sai da abin da ya hana, kuma talla yana buƙatar shingen da ido zai gani, ba wanda za a yi bayaninsa ba. A It Happened One Night na Frank Capra, wanda ya fito a 1934, shekarar da aka fara tsananta dokar tace fina-finai ta Hays a Hollywood, Clark Gable ya ɗaura igiya tsakanin gadaje biyu a ɗakin masauki ya rataya bargo. Wannan bargon shi ne fim ɗin. A Pillow Talk na 1959 an raba allo gida biyu, Doris Day a gefe, Rock Hudson a gefe, suna rigima a waya: suna cikin hoto ɗaya amma layi ya raba su. Har yau masu talla na amfani da raba allo don wannan dalili. Ka duba fim ɗinka ka nemo bargonsa. Zai iya zama tebur, ko ƙofa, ko gilashin ɗakin watsa shiri, ko zoben wani a yatsanta.

Yanzu ga abin da ba kowa ke lura da shi ba, kuma shi ne ainihin aikin mai tace hoto. Tazarar da ke tsakanin mutanen biyu a cikin hoto tana raguwa daga farkon talla zuwa ƙarshensa. A farko kowa na cikin nasa hoton shi kaɗai: ita a ɗauka ɗaya tana kallon dama, shi a wata ɗaukar yana kallon hagu. Daga nan sai ɗaukar bayan kafaɗa, inda muke ganin fuskarta amma ga gefen kansa ya shigo hoton. Sannan su biyu a hoto ɗaya da sarari a tsakiya. Sannan sararin ya tafi. Mai kallo ba zai ce maka ya ga wannan ba, amma jikinsa ya ji. A cikin fim ɗin kansa wataƙila ba a jere haka suke ba, darakta na iya haɗa su a hoto ɗaya tun minti na goma. Kai ne za ka tsince su ka jera. Ka kiyaye gefe kuma: in ka fara da ita a hagu shi a dama, ka riƙe haka, domin in ka juya su ba dalili idanunsu za su daina haɗuwa, mai kallo ya ji wani abu ya karkace.

Ɗaukar da ta fi kowace tsada a wannan nau'in ita ce satar kallo, wato ɗaya yana kallon ɗayan lokacin da shi bai sani ba. Ita tana dariya da wasu mutane can nesa, shi ya yi shiru yana kallonta, kyamara na matsowa fuskarsa a hankali. Daƙiƙa biyu na wannan sun fi jimla goma na furta soyayya, saboda sun sa mai kallo ya riga jaruma sanin abin da ke faruwa, kuma daɗin wannan nau'in ke nan, ka riga su sani. Ka bi fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ka ware duk wata satar kallo a wuri ɗaya tun kafin ka fara haɗa komai.

A nan zan gaya maka sirrin da kowa a sana'ar ya sani. Sau da yawa kallon da ka gani a talla ba ita yake kallo ba. Daga wata fitowa daban aka ɗauko shi, wataƙila motarsa da aka ɗaure yake kallo. Tun wajen shekarun 1920 wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa in ka haɗa fuska ɗaya da kwanon miya za a ce yunwa take ji, in ka haɗa ta da akwatin gawa a ce baƙin ciki. Hoton da ke kusa da fuska shi ke ba ta ma'ana. Duk tallan fim a kan wannan yake tsaye. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne kaya da haske: kada ya yi tambaya da farar riga da rana, amsa ta same shi da baƙar riga da dare, sai dai in ɗaukar ta matso sosai har ba a ganin wuya.

Haske da launi ba kai ka ɗauka ba, don haka ba zan daɗe a kai ba. Nau'in yana son haske mai yalwa da ba ya barin inuwa mai duhu a fuska, launuka masu ɗumi, da bayan hoto da ya dushe har fitilun titi suka koma ƙwallayen haske. Ka zaɓi ɗaukar da ke da waɗannan, ka ajiye masu duhu da shuɗi-shuɗi don daƙiƙa goma sha biyar na rabuwa.

Sauti kuwa dole mu zauna a kansa, domin rabin talla kunne ne. A 2005 wani matashin mai tace hoto a New York, Robert Ryang, ya ɗauki fim ɗin ban tsoro na Stanley Kubrick, The Shining, ya sake yanka tallansa da kiɗa mai daɗi da murya mai fara'a, ya fito kamar labarin uba da ɗa mai sanyaya zuciya. Bai ɗauki sabon hoto ko ɗaya ba. Kiɗa da jeri ne suka sauya nau'in fim ɗin. To tallan soyayya mai barkwanci yawanci kiɗa uku yake ci. Na farko mai sauƙi ne mai tsalle-tsalle, na gabatarwa da rigima. Wajen minti ɗaya da 'yan daƙiƙu sai a sauka zuwa wani abu mai laushi, fiyano ko jita, inda wasa ya fara zama gaske. Na uku waƙa ce mai tashi, wadda ake sa amshinta ya faɗo daidai kan jerin gajerun hotuna: rawa, ruwan sama, gudu, dariya, sunayen 'yan wasa. Waƙar da ka ji a talla sau da yawa ba ta cikin fim ɗin, haya aka yi ta don talla kawai, kuma kuɗin hayar sananniyar waƙa na iya cinye kasafin ƙaramin aiki. Ka tambayi furodusa abin da zai iya biya kafin ka gina tallanka a kan waƙar da ba za ka samu ba.

Dabarar barkwanci a talla ita ce tsayar da kiɗa. Ga yadda take a kan tebur. Kiɗa na tafiya, ƙawar likita na tambayarta, "Kin dai yi masa allurar kashe zafi ko?" Kiɗa ya tsaya cak. Likita na wanke hannu, ba ta ɗago ba. Shiru. Sai ta ce, "Na yi niyya." A yanka zuwa fuskar ƙawar, baki sake. Kiɗa ya dawo. Duk dariyar tana cikin tsawon wannan shirun da kuma fuskar da ta biyo baya. In ka ba shirun firam shida, amsar ta zo da wuri, ba a shirya mata ba. In ka ba shi firam arba'in, mai kallo ya riga ya hango ta. Wani wuri tsakanin rabin daƙiƙa da daƙiƙa ɗaya ake samunta, kuma babu lissafin da zai ba ka, sai ka yi ta matsar da yankan gaba da baya kana kallon fuskar wanda ka zaunar kusa da kai. Kada kuma ka yanke fuskar mai sauraro. Mutane ba sa dariya don abin da aka faɗa kawai, suna dariya ne in sun ga yadda maganar ta sauka a kan wani. Wannan ma shi ne amfanin ƙawa ko aboki a talla: su ne ke faɗin abin da mai kallo ke tunani, su ne kuma ke ba ka fuskar da za ka sauke barkwanci a kanta. Ƙarar kartar faifai da aka riƙa tsayar da kiɗa da ita a shekarun 1990 kam ta tsufa, ka bar ta ta huta.

Wata dabarar ita ce ka sa maganar fitowa ta gaba ta shigo kafin hotonta, ko maganar da ta wuce ta ci gaba a kan sabon hoto. Da haka jimla ɗaya za ta ɗinke hotuna huɗu daga wurare huɗu, a ji kamar zance ɗaya ne. Wannan ne ya maye gurbin mai shela. A da murya ce ke jan talla, kuma Don LaFontaine, wanda ya rasu a 2008, ya yi dubban tallace-tallace da muryarsa. Yanzu an fi barin 'yan wasa su ba da labarin da bakinsu, a taimaka da rubutu kaɗan a kan allo. Rubutun da ya fi aiki shi ne wanda ke cewa daga waɗanda suka yi fim kaza, don yana gaya wa mai kallo irin daɗin da zai samu.

Ka ce suna tona komai. Ka sake kallo da kyau, za ka ga akwai abu uku da ƙwararru ba sa bayarwa. Ba sa ba da sumbar ƙarshe: fuskoki na matsowa, saura ƙiris, sai sunan fim ya rufe allo. Ba sa ba da jawabin da ɗaya zai yi don dawo da ɗayan, sai dai jimlarsa ta farko. Kuma ba sa nuna yadda aka rushe shingen. Za ka ga yana gudu, ba za ka ga isarsa ba. Na taɓa karya wannan da kaina. Wani furodusa ya matsa mini in sa jawabin ƙarshe gaba ɗaya saboda, a cewarsa, nan ne jarumin ya fi ƙoƙari, ni kuma ban yi gardamar da ta kamata ba. Da muka haska wa mutane kaɗan don gwaji, wata mata ta share hawaye ta ce fim ɗin ya yi kyau ƙwarai. Fim ɗin ta ce, ba tallan ba. Ta ƙoshi, ba ta da sauran dalilin zuwa. Daren nan muka cire shi.

Game da aron kallo da sauya jeri, akwai iyaka. Ana haɗa talla ne tun fim bai kammala ba, don haka wani lokaci abin da ke talla ba ya kai wa fim. Yesterday na 2019, wanda Danny Boyle ya ba da umarni, Richard Curtis ya rubuta, ya nuna Ana de Armas a tallansa, amma an cire ta daga fim ɗin gaba ɗaya, saboda masu kallon gwaji ba su ji daɗin ganin idon jarumin ya karkata ga wata mace ba. A 2022 mutum biyu da suka yi hayar fim ɗin kan dala 3.99 kowannensu suka kai kamfanin Universal ƙara a Kalifoniya, kuma a watan Disamba na shekarar alƙali ya ce tallan fim talla ne, dokar hana yaudarar mai saye na iya hawa kansa. Ba su samu dala miliyan 5 da suka nema ba, amma maganar ta shiga kunnen masu sana'a. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin cire ta: masu kallon wannan nau'in suna yafe wa jarumi wauta da ƙarya da tsoro, amma ba sa yafe masa raba zuciya. In akwai mutum na uku a fim ɗinka, ka nuna shi a matsayin shinge, kada ka bari ya yi kama da zaɓi na gaske. Kuma kada ka sayar da fim mai nauyi a matsayin na dariya don kawai akwai barkwanci uku a cikinsa. Za su zo ranar farko, su fita su gaya wa kowa an cuce su.

In ka gama haɗawa, yi gwaji biyu. Kashe sauti ka kalla: ya kamata wanda bai san fim ɗin ba ya iya nuna maka su wane ne biyun, ya kuma ga tazararsu na raguwa. Sannan rufe allo ka saurara: ya kamata a ji labarin daga magana da kiɗa kawai, a kuma ji wuraren da kiɗa ya tsaya.

Saura abu ɗaya, wanda masu sana'a ke kira maɓalli, ɗan barkwancin da ke zuwa bayan sunan fim ya bayyana, lokacin da mai kallo ya ɗauka an gama. Amfaninsa shi ne ka sallame shi da dariya maimakon hawaye, ka tuna masa cewa fim ɗin ba zai yi masa nauyi ba. Daƙiƙa biyar zuwa takwas ya isa, kuma ba a sa kiɗa a ƙarƙashinsa. A namu, bayan sunan fim ya wuce, sai mu koma ɗakin likita. Yana kan kujera, rabin fuskarsa ta mutu da allura, ya tattaro ƙarfin hali ya faɗi wata doguwar magana da ba a gane ko kalma ɗaya a ciki. Ta dube shi na ɗan lokaci, ta miƙa masa kofi ta ce, "Kurkure." Sai ranar fitowar fim.